'Yar Kawu Ta Fasa Gilashin Baya

Ku gyara zama, 'yan uwa masu karatu, don abin da zan faɗa muku yau ko aminiyata ban faɗa wa ba, ita bakinta ba shi da murfi. Wanda ya yi dariya bai yi laifi ba. Ni ma yanzu dariyar nake yi, amma ranar Asabar ɗin nan da ta wuce kiris ya rage in zauna a ƙasa in yi kuka a gaban mutane.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni malamar aji biyu ce a firamare, shekarata ashirin da takwas, a gida kuma Guguwa ake kirana. Ba a banza aka laƙaba min ba. Allah ya hore min murya, yara arba'in da uku nake juyawa da ita ba tare da bulala ba. In na rufe ƙofa sai hoton bangon falo ya karkace. Sau uku Baba yana canza sakatar ɗakina. Masu nemana huɗu sun zo sun tafi, na ƙarshensu ma cewa ya yi wai in ina masa magana ji yake kamar yana tsaye a layin asambule. Mama ta daina yi min faɗa a kan maganar aure. Sai dai duk katin bikin da aka kawo gidan, a kan filona nake tarar da shi, an ɗora masa kwalbar turare don kada iska ta ɗauke.

Ana nan sai ga na biyar. Zanen gidaje ne aikinsa, dogo, mai tabarau, magana kuwa kamar da cokali ake auna masa ita. A wayata Shiru-Shiru na sa masa. Ranar da ya fara zuwa, Gwaggo ta ja ni ɗaki ta sa sakata. Gwaggo yayar Baba ce, ta dawo gidanmu da zama tun rasuwar mijinta, da akwatuna biyu da talotalo guda.

"Wannan karon ni zan riƙe sitiyari," in ji ta. "Kalma uku na yarje miki: To. Haka ne. Allah sarki. Idonki a ƙasa. Ƙofa kuma da hannu biyu za ki rufe ta, kamar kina kwantar da jariri."

"Gwaggo, in ya tambaye ni ƙarfe nawa fa?"

"Ki ce Allah sarki, ki nuna masa agogo."

Da tsarin ya tafi daidai, ba don motarsa ba. Waɗancan huɗun tun daga kwana nake jin ƙarar motarsu, in sami minti biyar in wanke fuska in sauke murya. Shi kuwa tasa ba ta shan mai, caji ake mata kamar waya, kuma ba ta da ƙara ko ta sisi. Sai dai kawai ka ji sallama a bakin ƙofa. A sati na biyu ya iso ina tsakar gida ina zazzaga wa talotalon Gwaggo masifa, don ya tsattsage min littafin rajista. Na ruga na sako mayafi, na fito falo ina tafiya kamar mai tausayin ƙasa. Bayan gaisuwa ya gyara tabarau.

"Wace ce mai muryar nan da na ji?"

Gwaggo tana ajiye tiren shayi. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. "'Yar Kawu ce, ta zo hutu. Ka yi haƙuri da ita, ɗan nan, ba ta da saiti."

A nan take aka haifi 'Yar Kawu, ba naƙuda ba ungozoma. Wata uku ke nan tana hutu a gidanmu. Duk ƙofar da aka buga ita ce, duk waƙar da aka rera a wurin wanki ita ce. Mama ta sani, amma ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba. Baba kuwa ko a mafarki bai san yana da wannan 'yar ba.

Ga inda gizo yake saƙar, kuma zan faɗa muku ba kunya: na kamu da son mutumin nan. Sau ɗaya ya ga alli ya farfasa min yatsu, sati na zagayowa ya ajiye min kwalbar man shafawa a gefen kujera. Irin wannan mutumin ne. Ni kuma kullum cikin tsoro nake, don wadda yake zuwa wurinta ba ni ba ce, wata baiwar Allah ce mai kalma uku. Na tabbata ranar da ya ga Guguwa ta gaske zai bi sahun huɗun can.

Ranar Juma'a da yamma na dawo daga makaranta da kwaɗon kulle kabad ɗin ajinmu a hannu, ƙato, na ƙarfe, na taho da shi in ɗiga masa mai don ya yi tsatsa. Ina shigowa na tarar da talotalon a kan katanga, farin mayafina da na shanya yana rataye a bakinsa. Ya kalle ni, ya buɗe wutsiya.

"Yau sai na ga bayanka, ɗan banza mai jan wuya!"

Na wurga kwaɗon da iyakar ƙarfina. Shegen ya sunkuya. Kwaɗon ya haye katanga, sai na ji tass! Sannan wata jiniya ta kaure a waje, wiu-wiu-wiu. Ranar ce na fara jin muryar motar nan.

Muka fito ni da Gwaggo. Shiru-Shiru yana tsaye da ledar lemo a hannu, yana kallon bayan motarsa. Gilashin baya babu shi, ya zube ƙanana-ƙanana kamar an watsa gishiri, wani a titi, wani a kujerar baya, wani a but. Na zazzaro ido ina neman kwaɗon, ban gan shi ba.

"'Yar Kawu ce!" Gwaggo ta faɗa tun kafin a tambaye ta. "Na rantse yarinyar nan sai ta kashe ni."

Ya dubi katanga, ya dubi ramin gilashin, kamar yana auna nisan. Sai ya yi murmushi. "Hannunta da ƙarfi."

Na ce, "Allah sarki."

Kafin Baba ya dawo Gwaggo ta share titin tas. Bayan magariba saƙo ya shigo, Gwaggo ta matso tana leƙen wayar ta saman kafaɗata.

Shiru-Shiru: Gobe da safe zan kai motar wurin mai gilashi. Ko za ki raka ni?

Ni: To.

Shiru-Shiru: Ki taho da 'Yar Kawu. Ki ce mata kada ta damu, ban yi fushi ba.

"Ki ce ta yi tafiya," in ji Gwaggo. "Kunya ta kore ta."

Na rubuta.

Shiru-Shiru: Ash! Ban ji daɗi ba ko kaɗan.

Ash. Da alamar motsin rai har da komai. Wata uku ina zaune a gabansa kamar hoto, bai taɓa yi min ash ba. Sai ga shi yana yi wa wadda ba ta da ko takalmi a duniya. Wallahi kishi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan rufe da duka.

Da safe Gwaggo ce ta zaɓa min kaya: doguwar riga ruwan toka, mayafi ruwan madara, takalmi shafal don masu tsini suna ƙwas-ƙwas. Awarwarona ma ta tuɓe min, wai suna da surutu. Ita ta ci ado cikin shuɗi, ta shimfiɗa tawul a kujerar baya saboda ɓurɓushin gilashi, ta zauna. Muna tafiya iska tana shigowa ta baya tana neman raba ta da ɗankwalinta, amma ko a jikinta, don ta gano maɓallin ɗaga gilashin ƙofa. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, har muka isa.

Shagon wata doguwar rumfa ce ta kwano, gilasan motoci jere a kan katako kowanne an rubuta masa lamba da farin alli, ga warin gam ya cika wurin. Mai Gilashi gajere ne mai furfura, fensir a bayan kunne, yatsunsa duk tsofaffin yanka. Kuma Allah ya yi shi da surutu, har na ji ina ƙyashinsa.

"Ta lantarki ce? Madalla. Kun taki sa'a, guda ɗaya tak ya rage min irin nata. Yallaɓai, kashe min ita gaba ɗaya. Waɗannan in suna kunne ba ka sani, sai ka ga but yana rufe kansa da kanka a ciki."

Ya sa safar hannu, ya kwance waifar baya mai share ruwa, ya ɓalle robobin da ke rufe cikin murfin but ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan kwali. Ya zare wasu 'yan wayoyi guda biyu ya nuna mana.

"Kun ga siraran layukan nan da kuke gani a gilashin baya? Ba ado ba ne. Wuta ce ke bi ta ciki tana ɗumama shi, ta kore raɓa. Rediyo ma ta nan yake kama tasha. Shi ya sa ba kowane gilashi ake manna mata ba. Me ya same shi ne?"

"Wata 'yar uwarmu ce," in ji Gwaggo. "Ɗan tsakuwa ta jefa."

"Tsakuwa?" Ya taɓe baki. "Hajiya, shekara talatin ina wannan aikin. Gilashi yana faɗa min abin da ya buge shi."

Ya kankare tsohon gam da wata siririyar wuƙa, ya jawo injin zuƙe ƙura yana bin lungu-lungu. Ɓurɓushin yana shiga bututun yana ƙarar-ƙarar. Can sai injin ya shaƙe. Ya cusa hannu a gefen but, ƙarƙashin kafet, ya zaro wani abu ya ɗaga sama. Kwaɗona ne, ga rubutuna da jan fenti ɓaro-ɓaro a jikinsa: AJI BIYU.

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata.

"Ga tsakuwar," in ji Mai Gilashi. "Ita 'yar uwar taku malamar makaranta ce?"

"Aro ta yi," in ji Gwaggo.

"Aron kwaɗo?"

"Mu a danginmu har kwaɗo ana aro. Kai dai yi aikinka."

Shiru-Shiru ya karɓi kwaɗon, ya juya shi, ya hure ɓurɓushin da ke jiki, ya miƙo min da hannu biyu. "In ta dawo ki ce ta riƙa kula da kayan aro."

"To," na ce, kunnuwana suna zafi.

Gwaggo ta ga wuta ta kusa cin gemu, sai ta tambayi inda banɗaki yake ta sulale. Mai Gilashi ya shiga goge gefen ƙarfen yana shafa masa wani baƙin ruwa, mu kuma muka zauna a benci, tsakaninmu tazarar mutum biyu. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina marasa ƙara.

"Malama," in ji Shiru-Shiru, "kin san gidanmu shiru ne?"

"Haka ne."

"Daga ni sai Hajiyata. Tun shekara shida da suka wuce kunnenta ya yi nauyi. In na yi magana sai na maimaita sau uku, ni kuma ba ni da murya, sai ta gaji ta ce bar shi. Yanzu saƙo muke tura wa juna a waya, tana ɗakinta ina falo. Firji ya fi kowa magana a gidan."

"Allah sarki." Wannan karon daga zuciyata ta fito.

"Shi ya sa in na shigo layinku nake sauke gilashi. Wani lokaci nakan yi minti goma a waje kafin in yi sallama, ina sauraron 'Yar Kawu. Ranar nan tana wanki tana rera biyu sau biyu huɗu. Wata rana tana yi wa talotalo wa'azi a kan cin amana. Ta iya kwaikwayon minsharin Gwaggo. Har ni ta taɓa kwaikwaya, yadda nake cewa madalla." Ya ɗan yi murmushi yana kallon ƙasa. "In na koma gida sai in tarar ina dariya ni kaɗai."

Ku faɗa min, 'yan uwa, me mutum zai ce a nan? Maganar da na daɗe ina jira ya yi min, ga shi yana yi, amma a kan wata. Watan kuma ni ce. Na ciji leɓe har na ji ɗanɗanon jambaki.

"Haka ne," na ce.

Mai Gilashi ya kira shi ya kama masa. Ya zagaye gefen sabon gilashin da baƙin gam mai kauri, ya manna masa wasu faifayen roba biyu masu kama gilashi kamar ƙaho, suka ɗaga tare, a hankali, a hankali, suka ɗora shi a mazauninsa. Ya danna kowace kusurwa da tafin hannu, ya mayar da 'yan wayoyin, ya sa aka kunna motar, ya ɗora bayan hannunsa a kan layukan har ya ji ɗumi. Sannan ya sauke gilasan ƙofofi huɗun kowanne kamar faɗin yatsa biyu, ya juyo ya ɗaga mana fensir.

"Ku saurare ni da kyau. Gam ɗin nan ɗanye ne. Awa guda ba za ta motsa daga nan ba. Daga yau zuwa gobe ba wanki, ba faɗawa rami, gilasan ƙofa a bar su a ɗan sauke. Kuma don girman Allah kada wanda ya buga ƙofa. Motocin nan a toshe suke ruf kamar gwangwani. In aka buga ƙofa komai a rufe, iskar ba ta da hanya sai ta wurin da ya fi rauni. Bari in ɗauko tef in ɗaure shi."

Ya shige ciki. Daidai nan Gwaggo ta dawo, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta hango jakarta a kujerar baya, ga tagogi a buɗe.

"Ji sakarci! A bar mota a buɗe a irin wannan wuri?"

Ta zagaya ƙofar direba, ta danna maɓallan nan da ta ƙware a kansu, gilasai huɗu suka haye zuuu, ta mayar da ƙofar a hankali da hannu biyu, don ita malamar abin ce. Idona ya gani, amma hankalina yana can wurin 'Yar Kawu. Na tashi na buɗe ƙofar gaba in ɗauko hankici a jakata, don idona ya fara kawo ruwa. Ina tsaye riƙe da ƙofar sai na ji Shiru-Shiru a bayana.

"Malama, in ba za ki damu ba, ina son ki ba ni lambar 'Yar Kawu."

Hali zanen dutse. Wata uku na horon Gwaggo ya tashi a banza cikin daƙiƙa ɗaya.

"Lambar wa?"

Tattabarun da ke saman rumfar suka watse. Hannuna ya yi abin da ya saba tun ina 'yar shekara biyar. Garam!

Sai muka ji fuf daga baya. Sabon gilashin ya ɗaga daga mazauninsa, ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sannan ya fara zamewa ƙasa a hankali, gam yana bin sa yana miƙewa. Mai Gilashi ya fito a guje, tef a wuyan hannunsa, yana "A'a! A'a! A'a!" Gwaggo ta miƙa hannu daga nesa kamar za ta tare shi da addu'a. Ya daki siminti da kusurwa. Tass.

Ni kuwa na riga na ɓalle, babu birki.

"Babu wata 'Yar Kawu! Kawun nawa 'ya'yansa biyar duk maza ne, ƙaraminsu ma gemu gare shi! Ni ce mai wa'azin talotalo, ni ce mai biyu sau biyu, ni ce mai minsharin Gwaggo, ni na jefa kwaɗon, kuma da talotalon bai sunkuya ba da yanzu an gama fige shi! Wata uku ina zaune a gabanka kamar an dasa ni, wuyana har ciwo yake don kallon ƙasa, ba ka taɓa ce min ash ba, sai wata da ko haihuwarta ba a yi ba! In tafiya za ka yi ka tafi, huɗu sun riga ka, ƙofa a buɗe take!"

"Ƙofar dai a rufe take, Malama," in ji Mai Gilashi da muryar mai zaman makoki. "Kin rufe ta."

"Minsharin wa?" in ji Gwaggo.

Na tsaya ina haki, mayafi ya zame, hawaye yana bin kumatuna. Na jira in ga ya juya baya. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya cire tabarau, ya dafa motar, ya fashe da dariya, irin wadda ke fitowa daga ciki har da tari. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar.

"Sannu da dawowa daga tafiya," ya ce yana share ido. "Kin sha hanya."

"Ka sani?"

"Tun sati na uku. Kin yi atishawa a falo. Na sha jin atishawar nan ta bayan katanga, babu mai irinta biyu a gida ɗaya."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Jira nake ki gaji ki fito da kanki. Na ɗauka sati biyu za ki yi. Ban san Gwaggo ta iya horo haka ba." Ya mayar da tabarau, fuskarsa ta koma daidai. "Amma gaskiya ni ma na fara karaya. Na ce a raina in na nemi lambar nan kika ce min 'To', na haƙura ke nan. Ba zan iya auren To da Haka ne da Allah sarki ba. Shiru ina da shi a gida, har ya yi min yawa."

Ashe kalma ɗaya ce ta rage tsakanina da rasa shi, kuma kalmar da aka fi horar da ni a kanta. Na juya na kalli Gwaggo. Ta shiga gyara ɗankwali tana karanta lambobin gilasan da ke jere.

"Ni dai na ce yarinyar nan ta riƙa sakin jiki," ta ce. "Ba ta jin magana ne."

Mai Gilashi ya ɗauko tsintsiya. Ya ce shekara talatin bai taɓa share gilashin mota ɗaya sau biyu kafin shayinsa ya huce ba. Wani gilashin kuma sai an aiko masa, kwana goma in an yi sauri. Ya yanko wata farar leda mai kauri ya rufe ramin, ya zagaye ta da tef ɗin da bai samu ɗaure gilashi da shi ba. Da za mu tafi, Mai Gilashi da kansa ya buɗe min ƙofa, ya jira na shiga, ya rufe, bai bar ni na taɓa ta ba.

"Yallaɓai," ya ce ta taga, "ranar da za ka dawo, ka bar Malama a gida. In kuma dole ne, ta tsaya a tsallaken titi."

Muna hawa kwalta ledar ta fara: fal-fal-fal-fal. Motar da ba ta da murya ta koma ana juyowa ana kallonta. Ni kuma na ba shi labarin yaran ajinmu tun daga na farko a rajista har na ashirin da bakwai, kafin mu iso gida.

Ranar Lahadi da la'asar ina tsakar gida ina wanki, zani da tsohuwar riga, kumfa har gwiwar hannu, sai na jiyo motar tun daga kwana. Fal-fal-fal. Karo na farko a wata uku da na sami minti biyar ɗina. Gwaggo ta fito a guje da mayafin ruwan madara, don sabo.

"Maza, ga shi nan! Ki wanke hannu, ki yi sanyi!"

Na karɓi mayafin na yafa a kan kumfar, na wuce ta. Na ja ƙofar gida har ta daki bango, na buɗe murya yadda nake wa 'yan layin baya a aji.

"Mai leda! Tun daga kwana ake jin ka, ka tashi unguwa!"

Sai gilashin ƙofar gaba ya sauka a hankali. Wata dattijuwa ce zaune, fara, siririya, da tabarau irin nasa sak. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ƙura min ido, ta kai hannu ta taɓa kunnenta, sannan ta juya wurin ɗanta.

"Ita ce?"

Ya gyaɗa kai.

"Na ji ta," in ji Hajiya. "Duka na ji, ba a maimaita ba. Mai leda ta ce maka." Ta yi dariya, idonta ya ciko. "Zo nan, 'yata. Ƙara faɗin wani abu."

Na durƙusa a gefen motar na gaishe ta da dukkan muryar da Allah ya ba ni, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe hannuna da kumfar da komai. Hayaniyar ce ta fito da Baba, jarida a hannu, yana gyara hula. Aka gaisa, ya yi musu iso. Hajiya ta fito tana jawo leda biyu masu ƙyalli daga ƙarƙashin kujera. Ashe ɗan nata saƙo yake tura mata a kan komai tun farkon zuwansa, amma asirin 'Yar Kawu da abin da ya faru jiya bai kai ga rubuta mata ba.

"Wannan taki ce," ta ce, ta miƙo min ɗaya. Ta ɗaga ɗayar tana leƙen cikin gida. "Wannan kuma ta 'Yar Kawu. Wata uku ina karanta labarinta a waya. Alhaji, a kira min ita in gan ta."

Baba ya sauke jarida. Ya kalle ni, ya kalli Shiru-Shiru, ya kalli ledar da ke kaɗawa a bayan motar.

"Wace 'Yar Kawu?"

Na waiga neman Gwaggo. Babu ita. Daga can cikin gida muka ji an buga ƙofar ɗaki garam, an danna sakata.

"Wannan ma na ji," in ji Hajiya.